Tambayoyi da amsoshi kan kakar Formula 1 ta 2021, shekarar Verstappen da Hamilton

Duk wanda ya fara bin tseren Formula 1 sai ya ci karo da maganar 2021, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaitawa, musamman kan zagayen ƙarshe na Abu Dabi. Na tattaro su ne daga masu sauƙi zuwa masu sarƙaƙiya, don wanda bai san dokar taya da ta motar tsaro ba, wato motar da ke shiga gaban 'yan tsere ta rage musu gudu in an yi haɗari, ba zai gane abin da ake ta musu a kai ba.

Wai mece ce Formula 1 ɗin, me ya bambanta ta da sauran tseren mota?

Ita ce gasar da ta fi kowace girma a tseren motoci masu kujera ɗaya, waɗanda tayoyinsu ke waje tsirara ba bodi a kansu, direba kuma yana kishingiɗe a tsakiya kansa a buɗe. An fara ta a matsayin gasar duniya a 1950, tseren farko a Silverstone ta Ingila, hukumar da ke kafa doka da hukunci kuma ita ce FIA. Kowace ƙungiya dole ta ƙera motarta da kanta, shi ya sa za ka ga direba gwani yana ta fama a baya, ba laifinsa ba ne, motar ce iya ƙarfinta kenan. Tun 2014 injin ɗin V6 ne mai lita 1.6 da turbo, haɗe da batir da ke tara wuta idan an taka birki.

Tayoyin da ke waje ɗin nan su ne ke sa ɗan gogayya kaɗan ya zama babban haɗari, taya na hawa kan taya mota sai ta yi sama. Riƙe wannan a kai, zai yi amfani in mun zo maganar Monza.

Su waye suka fafata a 2021?

Ƙungiyoyi 10, kowace da mota biyu, tsere 22 daga Bahrain ranar 28 ga Maris zuwa Abu Dabi ranar 12 ga Disamba. Amma gaskiya mutum biyu ne suka cinye kakar. Lewis Hamilton na Mercedes, ɗan Ingila, yana da kofi 7 daidai da Michael Schumacher yana neman na 8, sai Max Verstappen na Red Bull, ɗan Holan mai shekara 24 a ƙarshen kakar, wanda bai taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Verstappen ya ci tsere 10, Hamilton 8, ragowar huɗun Sergio Perez da Esteban Ocon da Daniel Ricciardo da Valtteri Bottas suka raba ɗai-ɗai.

A shekarar ce kuma Fernando Alonso ya dawo da Alpine, Sebastian Vettel ya koma Aston Martin, Carlos Sainz ya shiga Ferrari, Kimi Raikkonen ya yi ritaya. Annobar korona ta hana zuwa Ostireliya da Sin da Kanada da Singafo da Japan, sai aka cike gurbi da wurare irin su Imola da Portimao da Turkiyya, a Ostiriya ma sau biyu aka yi a fili ɗaya. Katar da Saudiyya a shekarar suka fara karɓar baƙunci.

Yaya ake raba maki, kuma ta ina aka samo rabin maki?

Mutum goman farko ne ke samun maki: 25, 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, 1. A lokacin akwai ƙarin maki 1 ga wanda ya yi zagaye mafi sauri in dai ya ƙare cikin goman, an soke wannan daga 2025. Verstappen ya gama da 395.5, Hamilton 387.5, tazarar maki 8 kacal bayan wata tara. Rabin nan da kake gani daga Beljiyam ya fito, duba amsar tambayar Spa a ƙasa.

An ce Verstappen ya ci, an kuma ce Mercedes ta ci. Wanne ne gaskiya?

Duka biyun. Kofi biyu ake bayarwa, na direbobi da na ƙungiyoyi inda ake haɗa makin motoci biyu. Mercedes ta ɗauki na ƙungiyoyi da 613.5, karo na 8 a jere tun 2014, Red Bull ta samu 585.5, Ferrari ta uku, McLaren ta huɗu. Dalili a fili yake, Bottas ya fi Perez tara maki. Kuɗin lada kan matsayin ƙungiya ake raba shi, amma suna da ɗaukaka na kofin direba ne, shi ya sa a daren Abu Dabi ba wanda ya ga fara'a a garejin Mercedes duk da kofin da ke hannunsu.

Yaya ƙarshen makon tsere yake tafiya?

Juma'a gwaji, Asabar neman gurbi, Lahadi tsere. Neman gurbin, wato gasar gudu da ke tsara jerin tashi na Lahadi, a 2021 kashi uku ne, minti 18 a kori mutum biyar mafi nawa, minti 15 a sake korar biyar, sai minti 12 goman da suka rage su nemi gurbin farko. Tseren kansa wajen kilomita 305 ne, banda Monako da ba ta kai haka ba.

Sabon abu a 2021 shi ne gajeren tseren Asabar na kilomita 100 da ake kira sifirint, an gwada shi a Silverstone da Monza da Burazil. A shekarar sakamakonsa ne ke tsara jerin tashi na Lahadi, na ɗaya ya samu maki 3, na biyu 2, na uku 1. Wasu sun raina shi, amma a kakar da aka rabu da maki 8 ai ba makin rainawa.

Me ya sa kullum ake surutun taya? Taya ba taya ba ce?

A'a fa, a nan rabin tseren yake. Tun 2010 an hana shan mai a tsakiyar tsere, a 2021 mota na tashi ne da man da bai wuce kilo 110 ba, to abin da ya rage ƙungiya ta yi dabara da shi sai taya. Pirelli ne kaɗai ke kawowa, kuma kowane tsere iri uku na busasshen titi: mai jan layi laushi gare ta tana kama titi sosai amma nan da nan ta cinye, mai ruwan ɗorawa tsaka-tsaki, mai farin layi tauri gare ta tana daɗewa amma ba ta da zafin nama. Kore da shuɗi na ruwan sama ne. Doka ta ce in titi a bushe yake dole ka yi amfani da iri biyu, ma'ana dole ka shiga gareji ko sau ɗaya.

Canjin kansa sakan biyu zuwa uku ne, makanikai kusan ashirin sun yi wa motar rumfa, amma shiga da fita a hankali yana cin sama da sakan 20 a yawancin filaye. Lissafin kenan: in na shiga na rasa sakan 20, sabuwar taya za ta dawo min da su kafin a gama? A Sifaniya Mercedes ta shigar da Hamilton sau biyu ya kamo Verstappen ya wuce, a Faransa Red Bull ta rama da irin dabarar sak. Wannan lissafin ne ya yi wa Mercedes dabaibayi a Abu Dabi.

Shekara bakwai Mercedes tana fintinkau, ya aka yi Red Bull ta kamo ta?

Abu biyu zuwa uku ne suka haɗu. An shirya kawo sababbin motoci gaba ɗaya a 2021, korona ta sa aka ɗaga zuwa 2022, sai aka ci gaba da tsofaffin amma aka yanke wani sashe na shimfiɗar ƙasan motar kusa da tayoyin baya don rage yadda iska ke danna ta. Yankan nan ya fi cutar da motocin da gindinsu ke kwance kusa da ƙasa irin na Mercedes da Aston Martin, ita kuwa ta Red Bull bayanta a ɗage yake sai abin ya zo mata da sauƙi. Ga kuma Honda da ta sanar za ta fice a ƙarshen shekarar, sai ta jawo sabon injinta gaba ta zuba duk abin da take da shi. Kofin Verstappen shi ne na farko da direba mai injin Honda ya ɗauka tun Ayrton Senna a 1991.

Yaya farkon kakar ya kasance?

Tun a Bahrain aka ga alama. Verstappen ya wuce Hamilton saura zagaye kaɗan amma ta wajen layin titi, aka ce ya mayar da gurbin, Hamilton ya ci. A Imola Verstappen ya rama, Hamilton ya zame cikin tsakuwa amma jar tutar da haɗarin Bottas da George Russell ya jawo, wato alamar dakatar da tsere, ta cece shi ya dawo na biyu. A Monako Verstappen ya hau saman teburin maki karo na farko a rayuwarsa, ranar da ƙusar tayar Bottas ta ƙi kwancewa ya haƙura da tseren. Daga nan Faransa da tsere biyu na Ostiriya duk Verstappen ne, tazara ta kai maki 32, mutane har sun fara cewa an gama. Sai Silverstone.

Haɗarin Silverstone, laifin wa ne?

Alƙalai dai sun ce Hamilton ne ya fi laifi, suka ɗora masa sakan 10. A zagayen farko su biyun suka shiga kwanar Copse kafaɗa da kafaɗa, kwana ce da ake shiga da gudun da ya kusa kilomita 300 a awa, tayar gaban Hamilton ta hagu ta taɓa tayar bayan Verstappen ta dama, motar Verstappen ta juya ta daki shingen tayoyi da ƙarfin da aka auna 51G, wato kamar ninki 51 na nauyin jikinsa. Aka kai shi asibiti a duba shi. Hamilton ya yi hukuncinsa, ya kamo Charles Leclerc saura zagaye biyu, ya ci tseren a gaban mutanen ƙasarsa. Tazarar da sifirint ɗin Asabar ya kai 33 ta koma 8 a yini guda.

Abin da ya ɓata wa 'yan Red Bull rai shi ne hukuncin bai hana Hamilton komai ba, amma doka aikin take dubawa, ba ta duba girman ɓarnar da ta biyo baya. Ni a ganina Hamilton bai matse cikin kwanar yadda ya kamata ba, hukuncin daidai ne, sai dai kuma kafin ranar sau da yawa shi ne ke janyewa in sun haɗu, a Imola da Sifaniya ya yi hakan, ranar ce ya ƙi. Daga nan zumuncin Toto Wolff da Christian Horner, shugabannin Mercedes da Red Bull a lokacin, ya lalace har ƙarshen shekara.

Hoton da mota ke kan mota fa, a ina ne?

Monza ce, Italiya. An ɓata wa Verstappen lokaci a gareji wajen sakan 11, sai ga Hamilton ya fito daga nasa canjin daidai gefensa, suka shiga kwanar farko mai lanƙwasa biyu ba wanda ya saki, Verstappen ya hau dakalin gefen titi motarsa ta yi tsalle ta sauka kan ta Hamilton. Tayar baya ta bi ta saman kansa har ta taɓa hular kwanonsa. Ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke zagaye da kan direba, wanda ake kira halo, an tilasta shi ne a 2018 kuma mutane da yawa sun zage shi wai ya ɓata kyan mota, ranar ba wanda ya sake cewa uffan. Wannan karon Verstappen aka ɗora wa laifi, aka mayar da shi baya gurbi uku a tsere na gaba. Ricciardo ya ci, Lando Norris na biyu, nasarar McLaren ta farko tun 2012, kuma duk kakar ba wata ƙungiya da ta yi na ɗaya da na biyu sai su.

Banda waɗannan, a ina kuma manyan biyun suka zubar da maki?

Wannan ce tambayar da masu musun Abu Dabi ba sa son a yi musu. A Baku Verstappen yana gaba saura zagaye biyar tayarsa ta baya ta fashe a kan miƙaƙƙen titi yana gudun sama da 300, maki 25 suka tafi ba laifinsa. Aka sake tashi saura zagaye biyu, Hamilton na biyu, kawai ya lallaɓa ya kwashi 18, sai hannunsa ya taɓa wani maɓalli a sitiyari da ke mayar da ƙarfin birki gaba, ya zarce kwanar farko hayaƙi na tashi, ya ƙare na 15. Perez ya ci.

A Hangari kuma Bottas ya makara da birki a jiƙaƙƙen titi ya yi kan mai uwa da wabi, motar Verstappen ta lalace ya tsira da maki 2 kawai. Da aka zo sake tashi titi ya bushe, kowa ya shige gareji canza taya, Hamilton shi kaɗai tilo ya tsaya a layin tashi, fitilu biyar suna kunnuwa saboda mota ɗaya. Zagaye ɗaya ya yi ya shiga, ya koma na ƙarshe, ya taso yana wuce mutane har ya iso bayan Alonso wanda ya tare shi zagaye da dama, wannan tarewar ce ta ba abokin aikinsa Ocon nasararsa ta farko. Vettel ya zo na biyu amma aka soke shi saboda ba a iya zuƙo lita ɗaya na mai daga tankinsa don gwaji ba. A Sochi ta Rasha ma Norris ne ke gaba ruwa ya sauko ya ƙi canza taya, Hamilton ya ci nasararsa ta 100, Verstappen da ya tashi daga ƙarshe ya tsinci na biyu.

Me ya faru a Spa har aka ba da rabin maki?

Ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Aka yi jira fiye da awa uku, daga ƙarshe motocin suka yi 'yan zagaye a bayan motar tsaro ba wanda ya wuce wani, aka ɗaga jar tuta aka ce an yi tsere. Dokar lokacin ta ce in an yi zagaye biyu amma ba a kai kashi 75 cikin ɗari ba a ba da rabin maki, to Verstappen ya samu 12.5, Russell a motar Williams ya zo na biyu saboda bajintar da ya yi ranar Asabar, Hamilton na uku da 7.5. Abin kunya ne wallahi, kuma an gyara dokar a 2022.

Me ake nufi da hukuncin inji?

Kowane direba inji uku aka ware masa a kakar 2021, in ka sa na huɗu sai a mayar da kai baya a jerin tashi. Ƙungiyoyi kan zaɓi filin da wucewa ke da sauƙi su sha hukuncin a can. Verstappen ya sha nasa a Rasha, ɗaya daga injinansa haɗarin Silverstone ne ya cinye shi. Hamilton ya koma baya gurbi 10 a Turkiyya ya ƙare na biyar, sannan gurbi 5 a Burazil.

Me ya sa ake yawan yabon tseren Burazil?

Saboda kafin a je Verstappen na gaba da maki 19 bayan ya ci Amurka da Meziko, kuma komai ya juya wa Hamilton baya. A lokacin fiffiken bayan mota yana da ƙofa da ake buɗewa don ƙara gudu a miƙaƙƙen titi in kana cikin sakan ɗaya da na gabanka, DRS sunanta, buɗewar bai kamata ta wuce milimita 85 ba, tasa ta ɗan zarce sai aka soke lokacinsa na neman gurbi. Shi ma Verstappen an ci shi tarar yuro 50,000 saboda ya je ya taɓa fiffiken da hannu. Hamilton ya tashi na 20 a sifirint ya gama na 5 cikin zagaye 24, hukuncin inji ya mayar da shi na 10 ranar Lahadi, ya taso ya kamo Verstappen, a zagaye na 48 Verstappen ya kai su duka wajen titi ba a hukunta shi ba, a na 59 Hamilton ya wuce. Ya ƙara da Katar, ya ƙara da Saudiyya.

A Jidda kuma wa ya bugi wa?

Tseren Jidda rikici ne daga farko har ƙarshe, jar tuta biyu, tashi uku, har aka ji daraktan tsere Michael Masi a rediyo yana yi wa Red Bull tayin gurbin da za su tashi kamar ana ciniki. A zagaye na 37 aka ce wa Verstappen ya mayar wa Hamilton gurbi, ya rage gudu, shi kuma Hamilton bai samu saƙon a kan lokaci ba kuma ba ya son ya wuce kafin layin DRS, inda ake auna tazara, don kada Verstappen ya samu damar buɗe fiffikensa ya sake wuce shi, sai ya tsaya a bayansa, Verstappen ya ƙara taka birki Hamilton ya daki bayansa. Verstappen ya sha sakan 5 da kuma sakan 10 amma ya riƙe na biyu. Haka aka tafi Abu Dabi kankankan, 369.5 kowa, abin da ba a gani ba tun 1974. Da su biyun za su kasa gama tseren, Verstappen ne zakara saboda yana da nasara 9, Hamilton 8.

Mece ce motar tsaro, kuma me ya sa take juya tsere?

In an yi haɗari ana buƙatar ma'aikata su shiga titi, sai a fito da wata mota ta shiga gaba kowa ya bi ta a hankali ba wucewa. Duk tazarar da ka tara ta tashi a banza kenan tunda kowa zai taru a bayanka, kuma shiga gareji a lokacin ya fi arha saboda sauran suna tafiyar hawainiya. Akwai kuma motocin da aka riga aka zagaye, waɗanda ke tsakanin manya a layi amma a lissafi suna baya da zagaye guda. Dokar 2021, sashe na 48.12, ta ce in darakta ya ba su izini su wuce su koma bayan layi, to motar tsaro za ta shiga ne a ƙarshen zagayen da ke biye. Wannan jimlar ita ce tushen rigimar da ke ƙasa.

To me ya faru takamaimai a Abu Dabi?

Verstappen ne a gurbin farko da taya mai laushi, Hamilton na biyu da matsakaiciya amma ya riga shi tashi. Duk tseren Hamilton ya fi sauri, banda lokacin da Perez ya tare shi kusan zagaye biyu har tazarar ta faɗo daga wajen sakan 8 zuwa kamar sakan 1. Ya sake ja, saura zagaye biyar cikin 58 yana gaba da sama da sakan 10, sai Nicholas Latifi na Williams ya daki bango. Motar tsaro ta fito. Verstappen ya shiga ya sa sabuwar mai laushi, Hamilton ya zauna kan mai tauri da ta yi wajen zagaye 40, motoci biyar da aka zagaye suna tsakaninsu.

Da farko aka sanar ba za a bar su su wuce ba. A zagaye na 57 sai aka canza, aka ce biyar ɗin da ke tsakanin manyan kaɗai su wuce, Norris da Alonso da Ocon da Leclerc da Vettel, sauran da aka zagaye aka bar su a inda suke, kuma motar tsaro ta shiga a ƙarshen wannan zagayen maimakon na gaba. Da an bi sashen nan yadda aka saba, a bayan motar tsaro za a ƙare, Hamilton na gaba. Maimakon haka aka samu zagaye ɗaya, sabuwar taya mai laushi a kan tsohuwa mai tauri, Verstappen ya kutsa ta ciki a kwana ta 5, Hamilton ya yi ƙoƙarin ramawa a miƙaƙƙun titunan biyu bai samu ba.

Me ya hana Mercedes ta shigar da Hamilton shi ma?

Gaba kura ne baya sayaki. Shi ne a gaba, shi zai fara yanke shawara, Red Bull kuma kishiyar abin da ya yi kawai za ta yi. In ya shiga Verstappen zai zauna a waje ya karɓi gaba, kuma da saura zagaye biyar da tarkace a titi, mafi kusa shi ne a ƙare a bayan motar tsaro, kenan sun miƙa kofi da hannunsu. Verstappen kuwa ba abin da zai rasa. A nan ne aikin Perez ya fito, don ba don sakannin da ya cinye ba da wataƙila Hamilton na da tazarar da zai shiga ya fito yana gaba. Duba amsar tambayar taya don lissafin.

Me ya biyo baya?

Mercedes ta kai ƙara biyu a daren, alƙalai suka yi watsi da su suna cewa wani sashe ya ba darakta iko kan motar tsaro. Ta ce za ta ɗaukaka ƙara, ranar 16 ga Disamba ta janye. A Fabrairun 2022 aka cire Masi daga kujerar, a Maris rahoton FIA ya ce kuskuren ɗan Adam ne, ya yi da kyakkyawar niyya, sakamako kuma ya zauna. An gyara lafazin dokar ya koma dole duk motocin da aka zagaye su wuce, an kuma hana shugabannin ƙungiyoyi damun darakta ta rediyo ana tsaka da tsere, abin da su Wolff da Horner suka yi ta yi duk shekara.

Gaskiya ne Red Bull ta wuce iyakar kashe kuɗi?

Gaskiya ne. 2021 ce shekarar farko da aka sa iyaka, dala miliyan 145, banda albashin direbobi da wasu abubuwa. A Oktoban 2022 FIA ta ce Red Bull ta zarce da ƙasa da kashi 2 cikin ɗari, wanda a doka ƙaramin laifi ne, aka ci ta tarar dala miliyan 7 aka kuma rage mata kashi 10 cikin ɗari na lokacin gwajin iska, wato gwajin yadda iska ke bin jikin mota. Ba a taɓa makin kowa ba.

To a ƙarshe wa ya cancanta?

Ra'ayina, tseren Abu Dabi na Hamilton ne, an karya tsarin da aka saba kuma hukumar da kanta ta amsa. Amma Verstappen ba shi ya yanke shawarar ba, kuma in ka ɗauki kakar gaba ɗaya ya hau mumbari, wato ya ƙare cikin ukun farko, sau 18 cikin 22, duk tseren da ya gama da lafiyayyar mota na ɗaya ne ko na biyu, ukun da suka fi cin sa kuwa, Baku da Silverstone da Hangari, ba shi aka ɗora wa laifi ba. Shi ma Hamilton in ya tuna maɓallin nan na Baku, maki 18 ne aƙalla, sun ninka tazarar da ya rasa kofin da ita. Inda nake ganin laifin Verstappen shi ne Burazil da Jidda, tuƙin ya yi tsauri, kuma alƙalan da suka ƙyale na Burazil su suka buɗe ƙofar na Jidda.

In zan nemi tsere uku kawai in kalla, wanne da wanne?

Hangari don hargitsi da tarewar Alonso, Burazil tare da sifirint ɗinta, sai Amurka a Austin inda Hamilton ya biyo Verstappen da sabuwar taya har zagayen ƙarshe aka rabu da sakan ɗaya da 'yan kai ba tare da an taɓa juna ba. Abu Dabi kuwa in za ka kalla ka faro daga zagayen farko, kar ka tsallake zuwa na 53.